Ciwon sukari: suna ɗaya, cututtuka daban-daban

A bakin Bahaushe, duk wanda aka gwada jininsa aka ga sukari ya haura, to an gama magana: wane yana da suga. Daga nan sai shawarwari su fara kwarara daga 'yan uwa da maƙwabta. A daina shinkafa, a koma tuwon alkama da na acca, a riƙa shan shuwaka da zogale, a nemo ƙwayar da ta yi wa Alhaji wane amfani. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya ce, wane irin suga ne? Na daɗe ina duba marasa lafiya a wani asibitin gwamnati a nan Arewa, kuma na gamsu cewa wannan tambaya da ba a yi ita ce uwa ga sauran. Ƙwayar da za ta riƙe dattijo shekara 20 cikin ƙoshin lafiya, idan aka ba wani yaro ita kaɗai, ba lalle ne ya ga ƙarshen wata ba.

Bari mu fara da abin da ya haɗa su. Duk abin da muka ci na hatsi, rogo, dankali ko zaƙi, jiki yana mayar da shi sukari ya zuba cikin jini. Amma sukarin ba ya iya shiga tsoka da sauran sassan jiki da kansa, sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa. Likitoci suna kiran gaɓar fankiriyas. Wanda ya san kasuwar Dawanau zai gane abin da sauri. Motoci sun sauke buhuna a bakin hanya, 'yan dako ne za su kai su cikin rumfuna. In babu 'yan dako sam, kaya za su taru a titi, rumfuna kuma wayam. Wannan shi ne nau'i na ɗaya. In kuwa 'yan dakon suna nan amma ƙofofin rumfunan sun cije, sai an yi da gaske suke buɗewa, har 'yan dakon su fara gajiya, nan ma kaya za su taru a titi. Wannan shi ne nau'i na biyu, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 na masu ciwon a duniya. Mai wucewa cunkoso ɗaya zai gani, amma mai son gyara dole ya san wanne ne daga ciki.

Gwajin jini shi ne mai wucewar nan. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka sami sukarinsa ya kai 126, ko aka gwada a kowane lokaci aka sami 200 ko fiye tare da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, to ciwon ya tabbata. Wasu na'urorin da ɗakunan gwaji da wani ma'auni suke lissafi, inda 126 ke zama 7.0, 200 kuma 11.1, da 18 ake rabawa. Na sha ganin wanda ya zo hankali tashe saboda ya haɗa lissafin na'urori biyu. Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na kusan wata 3 da suka wuce, wanda iyakarsa kashi 6.5 ce. A ƙasarmu sai an yi hattara da shi. Ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, wato kimanin kwana 120, alhali na mai sikila ba sa wuce 'yan makonni. Don haka mai sikila, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ko wanda ya zubar da jini da yawa, gwajin zai iya nuna masa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Duk waɗannan alƙaluma dai abu ɗaya suke faɗa: akwai ciwo. Ba sa faɗin wane iri.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, an rarrabe nau'o'in nan tun kafin a ƙera na'urorin da muke kukan rashinsu. Likitocin Indiya na dā sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, kuma sun ce masu ciwon kashi biyu ne, ramammu da masu ƙiba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Faransa, Lancereaux, ya yi irin wannan rabon. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a Janairun 1922, ya tashi daga bakin kabari. Sai a 1936 Harold Himsworth a Landan ya nuna cewa wasu jikinsu na amsa insulin nan take, wasu kuwa yana turjewa. Mafi yawan wannan aiki da ido da kunne da tambaya aka yi shi. Waɗannan kuwa muna da su har a ƙaramin asibitin ƙauye.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce ta sauri: yaushe abin ya fara? Nau'i na ɗaya ba ya sallama. Garkuwar jiki ce take juyowa ta lalata sassan da ke yin insulin, kuma idan abin ya bayyana, cikin kwanaki ko 'yan makonni mutum yake zubewa. Galibi yara da matasa yake kamawa. An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara 9, a saɓe a kafaɗar mahaifinta. Kafin su iso an yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro a wani kemis, an yi na taifot a wani, har da ƙarin ruwa. Numfashi take ja mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka fara lalacewa. Na tambayi uwar yadda abin ya faro.

"Likita, ci take yi kamar gara, amma kullum ƙara ramewa take. Ruwa kuwa ko randa ta shanye ba ya isarta."

"Hajiya, tana fitsarin kwance?"

Sai ta sunkuyar da kai. "Ta daina tun tana shekara 4. Sati uku ke nan da ta dawo da shi. Har faɗa na yi ta yi mata."

Uban ya sa baki: "Amma likita, mu kaf danginmu babu mai suga."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ma shaida ce. Yawancin yaran da ke kamuwa da nau'i na ɗaya ba su da wani na kusa mai irinsa. Na biyu ne ya fi bin dangi. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, ga ƙishirwa, ga rama, ba faɗa yake buƙata ba, ɗigon jini ɗaya a kan na'ura yake buƙata. Numfashin nan mai zurfi kuwa da warin baki, tare da amai da ciwon ciki, alama ce ta cewa jiki ya rasa insulin har ya koma ƙona kitse, yana tara wani guba mai tsami da ake kira kiton. Ana gano kiton da ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a fitsari, cikin minti ɗaya ya sauya launi. A ganina babu wani abu mai araha da ya kai tsinken nan ceton rai a wannan fage. Yarinyar ta rayu, kuma za ta ci gaba da allurar insulin muddin ranta. Ina yawan tunanin takwarorinta da aka binne da sunan zazzaɓi ko shafar iska, ba tare da kowa ya taɓa gwada sukarinsu ba.

Nau'i na biyu kuwa ɓarawon dare ne, shekaru yake yi a gida kafin a ji motsinsa. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Mai irin wannan ba kasafai ƙishirwa ke kawo shi asibiti ba. Gyambon ƙafa ne da ya ƙi warkewa, ko maruru da ke ta dawowa, ko hazo a ido, ko tafin ƙafa da ke zafi kamar an zuba barkono. Mata da yawa sun shekara suna shan maganin sanyi saboda ƙaiƙayin gaba, maza kuma suna shan na basir saboda raunin mazakuta, alhali sukari ne. Galibi mutum ya haura 40, yana da tumbi, sau da yawa da hawan jini, kuma in ka tambaya za ka ji uwa ko uba ko kawu sun yi fama da shi. Nakan auna ƙugu da tef ɗin tela: namiji ya kai santimita 94, mace ta kai 80, to akwai abin dubawa. Nakan kuma duba bayan wuya da hammata. Wani duhu mai laushi yakan fito a wurin, wanda ake ɗauka dauɗa ce har a yi ta dirzawa da soso, alhali alama ce ta jikin da ke turje wa insulin.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Mai nau'i na biyu da ya daɗe ba magani shi ma yakan rame, har mutane su fara raɗe-raɗin tarin fuka ko ƙanjamau. Saboda haka ba na tsayawa a kan jikin da ke gabana, nakan ce, Malam, wandon da ka ɗinka sallar bara yana zama maka? Shekaru ma ba katanga ba ce. Ɗan shekara 15 mai ƙiba zai iya yin na biyu, ɗan shekara 50 zai iya yin na ɗaya. Akwai wani iri da ke kama manya marasa ƙiba, ya fara a hankali kamar na biyu, ƙwaya ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta daina duk da mutum yana kiyaye doka. Wannan ɗan uwan na ɗaya ne mai tafiyar hawainiya, kuma ƙara masa yawan ƙwayoyi ɓata lokaci ne. Haka kuma don an sa wa mai nau'i na biyu insulin, ba ya nufin ya koma na ɗaya, ba kuma ya nufin ajali ya matso kamar yadda ake tsoratar da mutane a zaure. Shekaru ne suka tafi, 'yan dako suka gaji, aka kawo musu gudummawa.

Yanzu ga inda littattafan da muka karanta a makaranta suke yi mana gardama da abin da muke gani. Akwai mutumin da zai zo, galibi namiji, magidanci, mai ɗan jiki, a galabaice, sukari ya yi sama, fitsari cike da kiton, kamar dai yarinyar nan. A kwantar da shi, a sa masa insulin, ya farfaɗo. Bayan 'yan watanni sai buƙatarsa ta insulin ta yi ta raguwa har a daina, ya koma ƙwaya ko kula da abinci kawai. A 1994 wasu likitoci a birnin New York na Amurka suka yi rubutu a kan irin wannan a tsakanin baƙaƙen fata, suka laƙaba masa sunan unguwar Flatbush inda marasa lafiyar suke zaune. Amma tun 1968 Farfesa Kwaku Adadevoh ya wallafa bayani a kan abin da ya kira ciwon sukari na wucin gadi a tsakanin manyan 'yan Nijeriya. Shi ne mahaifin Dokta Stella Adadevoh, wadda ta tare cutar Ebola a Legas a 2014 ta rasa ranta a kai. Yana yi mini ciwo cewa an ga abu a nan shekara 26 kafin can, amma sunan wata unguwa a Amurka ya bi shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbinsa a jerin nau'o'in ciwon, cikin waɗanda suka ɗebo nan suka ɗebo can.

Wannan iri shi ne jarin masu tallar magani da lasifika a kasuwa. Mutum ya fito daga asibiti da allura, ya haɗa da wani jiƙo, bayan wata huɗu sukari ya daidaita, sai a ce jiƙo ne ya warkar da shi, a riƙa yawo da labarinsa gari gari. Ba jiƙo ba ne, halin cutar ke nan, kuma tana iya dawowa. Haɗarin ya fi tsanani ga yara masu nau'i na ɗaya, domin su ma sukan sami ɗan sauƙi na makonni ko watanni bayan fara allura, lokacin da ragowar gaɓar ke yin ƙoƙarinta na ƙarshe. Iyaye su ga sauƙi, su ji labarin magidancin can da ya daina allura, su ma su daina. Na ga inda hakan ya ƙare, kuma ba na son sake gani. Rage insulin ko daina shi hukunci ne na likita, a hankali, ana gwaji ana dubawa.

Akwai wani irin kuma da ya shafe mu kai tsaye. Saurayi ko budurwa daga gidan da abinci bai wadata ba, ramamme tun yarinta, sukari ya yi sama ƙwarai, amma fitsari babu kiton. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 1985 da sunan ciwon sukari mai alaƙa da tamowa, ta cire shi a 1999 saboda ƙarancin hujja. A Afrilun 2025, a taronta na birnin Bankok, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi da sunan nau'i na biyar. Har yanzu masana na muhawara a kansa, amma fahimtar ita ce yunwar ƙuruciya ce ta hana gaɓar girma yadda ya kamata, sai insulin ɗin da take yi ya yi kaɗan. Irin wannan mara lafiya idan aka ɗauke shi a matsayin mai nau'i na ɗaya aka danƙara masa allura mai yawa, alhali ba shi da tabbacin abincin dare, sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma. Idan kuma aka ɗauke shi a matsayin mai na biyu aka ce ya rage ci ya rage ƙiba, an yi masa ba'a. Duk wanda ya ga layin uwaye a cibiyoyin tamowa na Katsina ko Maraɗi ya san wannan magana ba ta nesa ba ce; yaran da ake aunawa a can yau su ne samarin shekara 15 masu zuwa.

A 2025 ɗin dai aka wallafa wani bincike da aka yi a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu a kan matasa kusan 900 da aka ce suna da nau'i na ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku ba a sami alamar harin garkuwar jiki a jininsu ba, alamar da ake samu a yawancin takwarorinsu Turawa. Suna da ƙarancin insulin, suna buƙatar allura, amma sanadin daban ne. Darasin da na ɗauka shi ne, ko gwaje-gwaje masu tsada da ake yi a manyan asibitocin koyarwa, na garkuwar jiki da na auna ragowar insulin, ba sa yanke hukunci su kaɗai a kan ɗan Afirka. Suna taimakawa, amma ba su maye gurbin zama da mara lafiya a saurare shi ba.

Sauran nau'o'in tambaya ɗaya tak takan tono su. Mace mai juna biyu ana gwada ta tsakanin mako na 24 da na 28, kuma ma'auninta ya fi tsauri: 92 kafin karin kumallo ya isa. Wadda ta taɓa haihuwar jariri da ya haura kilo 4, ko ta yi ta rasa ciki a watannin ƙarshe ba a san dalili ba, ita ce ta fi cancanta da gwajin. Yawanci sukarin yakan sauka bayan haihuwa, amma a sake gwadawa bayan arba'in, domin da yawansu nau'i na biyu na jiransu a gaba. Sai tambayar da mata ba sa son amsawa a gaban miji ko uwar miji: kina shan maganin ƙiba? Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu deksametason ne, kuma yana tayar da sukari. Haka wanda ya daɗe yana shan firednisolon don asma ko ciwon gaɓoɓi. Irin wannan ba a yanke maganin rana ɗaya, a hankali ake janye shi. Wanda kuma ya daɗe da ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, bayan gidansa na maiƙo, to gaɓar ce kanta ta lalace. Jaririn da sukari ya kama kafin wata 6, ko gidan da kaka da uwa da 'ya duk suka kamu tun kafin shekara 25 ba tare da ƙiba ba, wannan gado ne na ƙwayar halitta guda, kuma wasunsu ƙwaya ta fi yi musu amfani a kan allura.

Wani zai ce wannan duk aikin likita ne, me ya kawo shi shafin jarida? Dalilina shi ne, a garuruwanmu ba likita ne ke fara ganin mara lafiya ba. Mai kemis ne, da ma'aikacin ƙaramin asibiti, da maƙwabciya mai na'urar gwaji a jaka. Ina roƙon waɗannan abu ɗaya: yaro ko matashi, ko duk wanda ya rame cikin ɗan lokaci, in sukarinsa ya hau, kada a ba shi metfomin ko gilibenkilamaid a ce ya dawo bayan sati biyu. A tura shi asibiti a ranar. Mu kuma a asibiti ƙa'idarmu ita ce, in ana shakka kuma ga kiton, a fara da insulin. Wanda aka sa wa insulin daga baya aka gane bai buƙace shi har abada ba, an janye masa, bai yi asarar komai ba sai 'yan watanni na allura. Wanda aka hana shi alhali yana buƙata, babu damar gyara. Hukumomin lafiya na jihohi kuma su sani cewa na'urar gwajin sukari da tsinken fitsari da sikeli da tef ba kayan alatu ba ne a cibiyar lafiya ta matakin farko.

Shi kuma mai ciwon, haƙƙinsa ne ya tambayi likitansa: wane iri ne nawa, kuma me ya sa ka ce haka? A rubuta masa amsar a katinsa, ya riƙa yawo da ita, ya kuma san cewa ana iya sauya ta bayan shekara ɗaya idan cutar ta nuna wani hali. Amsar nan ce za a duba idan azumi ya matso. Mai nau'i na biyu da ke kan metfomin kaɗai, sukarinsa a daidaice, yawanci yakan yi azuminsa da ɗan gyaran lokutan shan magani. Mai nau'i na ɗaya, da mai juna biyu, da wanda bai daɗe da tashi daga kwanciyar kiton ba, suna cikin masu haɗari sosai, kuma shawararsu da likita ya kamata a yi ta tun watan Rajab ko Sha'aban. Wanda duk ya ɗauki azumi ya ga na'urarsa ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya sha ruwa a lokacin, ko da saura minti goma a kira magariba.